Kyautar al'adu a radiyo da fim: wa ke zuba kuɗin, mi yake nema?

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum jama'a, ina kwananku. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci na, yau dai sai na fidda ta. Bara waccan na shiga wata gasa ta shirin radiyo kan al'adu, ba zan kama sunan masu gasar ba don ba tonon asiri ya kawo ni ba. Shirin nawa kan waƙoƙin daka da niƙa ne, na hau moto na tahi wani ƙauye gaba da Gidan Runji, na iske wata tsohuwa da ta ba tamanin baya, da ƙyar ta yarda, kuma ta ce ita ba ta iya waƙar daka hannu banza sai da aka kawo turmi aka zuba gero, taɓarya na sauka tana haki tana waƙa jikoki sun zagaye ta suna dariya. Na zo na biyu. Aka kira mu Yamai, otel mai sanyi, bayanmu an rataya wani zane mai tambarin kamfanoni da ƙungiyoyi sun fi goma, aka miƙo mani ƙaton kwali mai kamar shek aka ɗauki hoto. Kwalin yana nan bayan ƙofar ɗakina har yau, kuɗin kuwa wata bakwai na yi ina kira kafin a turo rabi. To tambayata, su wa ke tallafa ma irin waɗannan kyaututtuka tsakani da Allah, kuma mi ya sa ba ka ganin sunan alhazanmu na Maraɗi a kan zanen nan?

Mai Kyamara: hhhhh kwalin nan ni ma ina da irinsa, da shi nike toshe taga lokacin hunturu

Hajiyar Zariya: Kai ƙanena ka gode Allah an ba ka rabi.

Mushe na Tibiri: Wa alaikumus salam. Ɗana, tambayarka biyu ce, bari in ɗauki ta hwarko. In kana son ka ga inda abin ya zauna da gindinsa ka dubi FESPACO ta Wagadugu, gasar fina-finan Afirka, tun 1969 ake yin ta. Babbar kyautar, dokin nan na Yennenga, an hwara ba da ita 1972, kuma wanda ya hwara ɗaukar ta namu ne, Oumarou Ganda, wanda aka sa ma gidan al'adu na Yamai sunansa. Har yau akwai kyauta mai sunansa can, ta wanda ya yi babban fim ɗinsa na hwarko. Gwamnatin Burkina ke riƙe da uwar tahiyar, amma Tarayyar Turai da ƙungiyar ƙasashe masu Faransanci, OIF, sun daɗe suna sa hannu. Sannan akwai kyaututtuka na gefe, UEMOA, ƙungiyar ƙasashenmu masu sefa, na ba da tata, CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, ta daɗe tana ba da tata, gidauniyar Ecobank na ba da wadda aka sa ma sunan Sembène Ousmane. Dokin zinariya miliyan 20 na sefa yake tahe da shi. Abin lura shi ne kowane mai ba da kyauta da abin da yake so a gani, UEMOA da CEDEAO haɗin kan ƙasashe suke nema cikin fim ɗin, kai kuwa in waƙar tsohuwarka ba ta taɓo wannan ba sai dai ka yi kallo.

Ɗan Bagalam: Mushe Allah ya ƙara girma. To amma yanzu da muka fita CEDEAO muka fita OIF fa?

Mushe na Tibiri: Nan gizo ke saƙar. Ita OIF ɗin ma nan Yamai aka haife ta, 20 ga Maris 1970, zamanin Diori, da sunan ACCT. Mun hita cikin Maris 2025 tare da Mali da Burkina. Ni ba cewa nike an yi daidai ko ba a yi ba, ina hwaɗa maka ne wata ƙohwa da masu fim ke ƙwanƙwasawa ta sake. Haka RFI, gidan radiyon Faransa, tun 1981 suke da Prix Découvertes ta mawaƙa, Habib Koité ya ci, Rokia Traoré ta ci, Tiken Jah ya ci, amma tun Agusta 2023 an rufe su nan.

Zabarmin Maraɗi: Admin a ja kunnen Bagobirin nan, ya fara kai mu siyasa. Kuma ku lura da kyau Oumarou Ganda namu ne ba na Gobirawa ba, ku in ban da zane a fuska mi kuka taɓa ci

Mushe na Tibiri: Kai bawana yi shiru manya na magana. Ka ci tuwon Maraɗi shekara goma sha ka yi ƙiba shi ya sa bakinka ya buɗe.

Zabarmin Maraɗi: hhhh Mushe ubangidanka ne ke magana. Amma kun ga wannan wasan da muke yi ni da shi, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya tun 2014, wasan taubasantaka na Nijar. To ina kyautar da aka ware ma ɗan jaridar da ya yi shiri mai kyau a kansa? Abin da ya hana mu cin junanmu kenan amma sai lokacin buki ake tuna shi.

Na Jamus: Salam 'yan uwa, yanzu na taso aiki na tarar da saƙonni. Bari in ba ku misalin nan inda nake. Akwai wata kyauta ana ce mata CIVIS, tun 1988 ake ba da ita ga shirye-shiryen radiyo da talabijin, yanzu har da na intanet, waɗanda suka yi magana kan baƙi da zaman tare da al'adu daban-daban. Waɗanda suka riƙe ta su ne ARD, wato haɗakar gidajen radiyo da talabijin na jama'a, ta hannun WDR da ke Kolon, sai gidauniyar Freudenberg. Wannan Freudenberg ɗin dangi ne na masu masana'antu, kamar dai ka ce wani babban gidan alhazai, su suka ware dukiya suka kafa gidauniya. Abin da ya burge ni shi ne ba mai gidan ke zaɓen wanda ya ci ba, alƙalai ne daban, kuma ko ya ji haushin shirin ba ya cewa a mayar masa da kuɗinsa.

Mai Kyamara: To su gidajen radiyon ina suke samun kuɗin

Na Jamus: Kowane gida yana biyan kusan Yuro 18 a wata, wajen jika sha biyu kenan, ko kana kallo ko ba ka kallo. Wallahi ranar da takardar ta fara zuwa mani na ɗauka tara ce aka ci ni.

Hajiyar Zariya: Jika sha biyu duk wata don tele? Allah ya kiyaye. Nan ka ce ma mutum ya ba da dala ashirin sai ya tambaye ka lahiya.

Zabarmin Maraɗi: Hajiya ai mu ma ana cire na gidan radiyo da tele na ƙasa cikin takardar wuta, ba ki duba ne.

Yaron Alhaji: Na ga tun ɗazu ana ta jifar alhazai, bari in ce wani abu. Ku da ke cewa ba su ba da komai, wa ke gina masallatai, wa ke haƙa rijiyoyi da foraj, wa ke rabon hatsi da azumi? In an zo kokowar takobi su wa ke sa mota da moto da kujerar Makka? Mutum ya sha wahala tsakanin Kwatano da Jibiya ya tara abinsa sai ku ce ya ba mai fim, alhali shi a ganinsa fim rawa ce da waƙa da 'yan mata ba ɗankwali. Ku gyara sana'arku tukuna.

Ɗan Bagalam: Yaya ba wanda ya ce ba su alheri. Amma ka dubi kokowar da ka kawo, tun 1975 da aka fara a Tawa Kantu namu ya ɗauko takobi, filin kokowar garin nan sunansa gare shi, kowa na alfahari. Mi ya sa kuɗi ke zuba can? Don ana kiran suna ne. Mai sanarwa ya riƙe makirfo ya ce Alhaji wane ya ba da kaza, filin ya ɗauki sowa, tele na nunawa kai tsaye, makaɗa su ɗauka. Kyautar ɗan jarida kuwa cikin ɗaki ake ba da ita gaban mutum ɗari masu kwat, rabinsu na duba waya. Ni da nike da kuɗin ma ina jin kokowar zan kai.

Hajiyar Zariya: Gaskiya ɗaya ce. Ni 'yar kasuwa ce, in na ba zabiya turmin atamfa wurin buki kafin in kai gida sunana ya riga ni. In na ba ka kai mi zan samu, atestasiyo?

Mushe na Tibiri: Akwai kuma tsoro, kada mu ɓoye. Yaran yanzu ba su san abin da ya hwaru Nuwamba 2000 ba, lokacin da aka yi FIMA ta Alphadi kusa da Yamai, bukin nuna tuhwahi, Maraɗin nan ta kama wuta, an ƙona wurare. Tun daga nan duk mai kuɗin da aka ce ma zo ka sa hannu cikin abin al'ada sai ya hwara tunanin mi malamai za su ce ranar Juma'a. Kalmar al'ada ita kanta wasu da sun ji ta sai su tuna bori da buɗin daji.

Yaron Alhaji: To Mushe ka ga ka faɗa da bakinka.

Ɗiyar Dakoro: Salam, ku yi haƙuri in sa baki, ni ƙarama ce cikinku. Tun ɗazu ana cewa al'adu daban-daban amma duk Hausa ake nufi. Ni Bafillata ce, ina karatu nan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, in na je gida hutu kakata na riƙe da radiyo tana jiran shirin Fulatanci, wani gidan minti sha biyar ne kawai kuma rabinsa sanarwar allurar shanu ce da gaisuwa. Jihar Maraɗi akwai Fulani akwai Buzaye, ku je Bermo ku gani, amma in Turawa ba su zo ɗaukar hoton Gerewol ba ba mai tuna mu, kuma su ma kwalliyar samari kawai suke so ba maganar burtali da rijiya ba. Da harsunan ƙasa goma ne a doka, yanzu tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa sauran an ce harsunan da ake magana da su. Ban ce komi ba a kan wannan, amma in za a yi kyauta a Maraɗi kuma alƙalan duka ba mai jin Fulatanci ko Tamajak, yaya za a yi shirinmu ya ci?

Zabarmin Maraɗi: Yarinyar nan ta fi mu gaskiya duka.

Mai Kyamara: Ƙanwata ba nan kaɗai ba ne. Dubi AMVCA, kyautar fina-finai ta Najeriya da MultiChoice suka fara 2013, shekara da shekaru rukunin harsunan gida Hausa ne da Yarbanci da Ibo da Swahili, mi ya sa, don su ne suke da tashoshi a dikodarsu, Africa Magic Hausa da sauransu. Mai saida dikoda harshen da ke da masu saye zai ba kyauta, ba ruwansa da Barebari ko Fulani. Ba mugunta ba ce kasuwa ce. Kuma abin dariyar yanzu Canal+ ta Faransa ta saye MultiChoice ɗin, ka gudu ta ƙofa ka iske mutum ta taga

Yaron Alhaji: Kuma a tuna Amstel Malta ce ta daɗe tana ɗaukar nauyinta, lemu ne ba giya ba na sani, amma kamfanin da ke yin ta fa? In da nan ne da an yi wa'azi a kai.

Hajiyar Zariya: Kai kuma komi sai ka kai shi wurin wa'azi.

Na Jamus: Amma akwai wadda mutum ɗaya ya tsaya mata da ƙarfinsa, AMAA, kyautar fina-finan Afirka. Wata mata ce, Peace Anyiam-Osigwe, ta kafa ta 2005, gwamnatin jihar Bayelsa ta riƙe mata shekaru ana yi a Yenagoa. Suna da kyauta ta musamman ga fim cikin harshen Afirka, ita ma da sunan Sembène. Kuma a nan ne Aïcha Macky ta Damagaram ta ci kyautar fim na gaskiya a 2016, wanda ta yi kan matan da ba su samu haihuwa ba. Ita Peace ɗin ta rasu farkon 2023.

Hajiyar Zariya: Wannan fim ɗin na gan shi a wayar ɗiyata, ban iya ƙarasa shi ba rana ɗaya. Abin da ke cikin ɗakunanmu ne wanda ba mai faɗa, kishiya ta haihu ke kina wanke mata zanuwa dangin miji na harararki. To ku duba, sai da aka yaba mata waje sannan muka ji labari. Ni abin da na fi sani shi ne Hikayata ta BBC Hausa, tun 2016, ta mata zalla, wata Aisha Muhammad Sabitu ta fara ci. Ɗiyata duk shekara sai ta rubuta a kaye ta kwafe a waya ta tura, ba ta taɓa ci ba amma yanzu ta fi ni iya Hausa, har gyara mani take. Ko ba komi an sa yara mata sun zauna suna rubutu.

Mushe na Tibiri: Hajiya wanga shi ne amhwanin kyauta in ta ɗore. Matsalarmu ɗorewa. Ga Prix Dan Gourmou da aka hwara 1987 don mawaƙa, da sunan makaɗin nan na Tawa, ta hidda mawaƙa da yawa, amma abin da ke hannun gwamnati in asusu ya yi sanyi sai a yi shekaru shiru, in an tashi a sake buɗewa da jawabi. Na porje kuwa shekara ukku ne, porje ya ƙare kyauta ta mutu, a bar ku da kwali kamar na ɗana.

Mai Kyamara: Kuma na porje sai ka yi abin da suke so. Ni an taɓa kira na in yi fim na gasa, na ce zan yi kan masu jima da dukawa, yadda ake jeme fata da bagaruwa tun daga kwatarniya har ta zama jan kilabo, aka ce mani a'a taken bana zaman lahiya ne da ƙaura, in sa matashi da zai tahi Libiya ya fasa. Na yi, don ina da iyali. Amma wallahi yaron da ya fito a fim ɗin wata biyu bayan nan ya kira ni daga Agadas.

Zabarmin Maraɗi: hhhhhh Allah ya shirye ka

Ɗiyar Dakoro: To ni tambayata, in alhazan suka ba da kuɗin ba haka za a yi ba? Bature ya ce sai ƙaura, Alhaji ya ce ban da mata ban da kiɗa ban da abin gargajiya, to mi ya rage? Tsohuwar Yaya Ɗan Bagalam ma mace ce kuma waƙa take.

Yaron Alhaji: Waƙar daka ai ba laifi, iyayenmu duka sun yi. Ba duka alhazai ne yadda kuke zato ba, akwai wanda in ya ji irin wannan sai ya tuna mahaifiyarsa ya yi hawaye. Ku ne ba ku iya zuwa ba, ku zo da dosiye shafi talatin cikin Faransanci ku aje ma mutumin da lissafinsa duka a ka yake. Ku zo da radiyon ku kunna masa ya ji.

Ɗan Bagalam: Wannan kuma ka yi magana Yaya. Ban taɓa tunanin haka ba, kullum takarda muke kaiwa a ce Alhaji ya yi tahiya.

Na Jamus: In za ku yi, ku raba mai ba da kuɗi da mai yanke hukunci tun farko. A kira sunansa a radiyo safe da yamma, a sa masa kujera gaba a gidan al'adu na Bawa Dan Wardanga, amma alƙalai daban, a sa mai jin Fulatanci da mai jin Tamajak kamar yadda ƙanwarmu ta ce. Ni zan iya jika ɗari a shekara in na ga da gaske ne.

Mushe na Tibiri: Alhajin da zai ba da miliyan a ce masa ba ya da baki ciki, in kun same shi ku kawo mani shi in gaishe shi.

Hajiyar Zariya: Ku dakata duk. Ɗan Bagalam, ita tsohuwar da ta yi dakan tana haki, cikin rabin da aka turo maka nawa ka kai mata?

Ɗan Bagalam: Hajiya ranar da na je na ba ta jika biyu da sukari da goro.

Hajiyar Zariya: Ba shi na tambaye ka ba. Bayan ka ci.

Ɗan Bagalam: Gaskiya ban koma ba. Ko shirin ma ban san ko ta ji ba, tashar ba ta kai can sosai sai da dare.

Mai Kyamara: kai kai kai, ashe kai ma sponso ne mai kwali

Hajiyar Zariya: To ka biyo shago gobe bayan azahar, zan ba ka turmi ɗaya da jika goma, ka haɗa da naka ka kai mata, ka sa shirin a kat memwar ka kunna mata gaban jikokin nan masu dariya. Kuma ka ɗauko mani hoto in gani don na san halinku.

Ɗiyar Dakoro: Yaya in za ka je ka gaya mani, Asabar ba ni da kur, akwai rugga kusa da hanyar, gwaggona na can ta iya waƙar tatsar nono.

Yaron Alhaji: Ka turo mani shirin ta WhatsApp in kunna ma Alhaji bayan la'asar in ya zauna ƙofar gida. Ban yi alkawari ba fa, kuma abin da zai fara tambaya shi ne ko za a yi rawa wurin bukin.

Ɗan Bagalam: Zan turo in rezo ya dawo daidai, minti ashirin da shida ne yana da nauyi. Hajiya gobe in sha Allah. Amma tayar baya ta moto ta mutu, Mai Kyamara ka ara mani taka ranar Asabar.

Mai Kyamara: Ina da buki biyu Asabar, ɗaya Soura Bildi ɗaya Madarumfa. Sai dai Lahadi, kuma ka zuba esans naka